Minti Guda a Bakin Gado

'Ya'yana ɗaliban aikin jinya da ungozoma, maza da mata, waɗanda suka fara shiga ɗakunan marasa lafiya da masu shirin shiga: Na san abin da ya cika muku kai a yanzu shi ne jarrabawa: sunayen ƙasusuwa, hanyoyin jini, magunguna da illolinsu, da fargabar ranar da malama za ta tsaya a kanku tana duba yadda kuke gyara gado. Duk wannan wajibi ne, ku riƙe shi da kyau. Maganar da na kawo muku yau ta shafi 'yar takardar nan ce da ake ratayewa a ƙarshen gado ko a saka cikin fayil, wadda ake rubuta zafin jiki, bugun jijiya, numfashi da awon jini a kanta. Ita ake fara damƙa wa ɗalibi, domin ana ganin ta fi komai sauƙi. A wurina babu aikin da ya kai ta nauyi a ɗakin gaba ɗaya.

Likita yana zuwa zagaye ya tsaya a kan gado na 'yan mintoci, ya wuce na gaba. Sauran wunin da dare duka, mara lafiya yana hannunku. Idan likita ya dawo, abin da kuka rubuta shi zai duba ya yanke hukunci a kai: ya canza magani ko ya bar shi, ya nemi ƙarin jini ko ya jira, ya sallami mutum gida ko ya riƙe shi. To ku ɗauki takardun awo a ɗakuna da yawa ku bi layin numfashi da ido. Za ku ga 20 da safe, 20 da rana, 20 da dare, gado bayan gado, tsoho da matashi, mai zazzaɓi da mai karaya. Kowa a cikin aikin nan ya san ma'anar wannan: ba a ƙirga ba, cike gurbi aka yi. Ɗalibi kuwa da ya ga manyansa suna haka, cikin mako biyu ya koya, kuma da wuya ya daina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa nake muku wannan magana tun yanzu.

Numfashi shi ne awon da aka fi wulaƙantawa, alhali shi ke fara kawo labari. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ko jini yana zuba a cikin jiki inda ido ba ya gani, ko ruwa ya fara taruwa a huhu, ko sukari ya hau har jini ya yi tsami, numfashi ne ke fara sauri, sau da yawa sa'o'i kafin awon jini ya faɗi. Dalilin a fili yake: jiki yana neman ƙarin iska, ko kuma yana ƙoƙarin fitar da tsamin da ya taru cikin jini ta hanyar huhu. Mutumin da numfashinsa ya tashi daga 18 zuwa 24 zuwa 28 tsakanin la'asar da tsakar dare yana neman taimako ne, ko da yana zaune yana hira da masu jinyarsa. Irin wannan ne ake wayar gari a ce ya rasu "kwatsam". Ba kwatsam ba ne, an dai rasa mai ƙirgawa.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Bayan kun gama ƙirga bugun jijiya, ku bar yatsunku a wuyan hannunsa kamar ba ku gama ba, ku mayar da ido kan ƙirjinsa. Da zarar mutum ya san ana kallon numfashinsa, sai ya canza shi ba da niyya ba. Ku cika minti guda cur. Mai ƙirga daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu, kuskuren numfashi ɗaya ya zame masa huɗu. A kan yara kuwa lambobin daban suke, kuma ku haddace su kamar sunanku. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da bai kai wata 2 ba ana cewa numfashinsa ya yi sauri idan ya kai 60 a minti. Daga wata 2 zuwa wata 11, idan ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, idan ya kai 40. Ku bar yaron a cinyar uwarsa ya natsu, ku ɗaga rigarsa, ku duba ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska. Da agogo da ido kawai ake gane limoniya a ƙauyen da babu na'urar ɗaukar hoton ƙirji, kuma limoniya tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƙanana. Haka nan mai jego da ta zo tana haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine: kada ku ce gajiyar haihuwa ce. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubuce-rubuce a kan yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, kuma har yau ana ganinsa a asibitocinmu.

Wani abin da ya kamata ku lura da shi: yawancin littattafan da kuke karantawa a kan farar fata aka siffanta alamomin cuta. Za ku karanta cewa fata tana yin fari idan jini ya yi ƙasa, tana yin shuɗi idan iska ta yi ƙaranci, tana yin ja idan wuri ya kumbura. A jikin mutanenmu ba nan za ku gani ba. Ku ja fatar ido ta ƙasa ku duba cikinta, ku duba harshe da dasashi da cikin leɓe, ku duba tafin hannu. Idan tafin ya sha lalle, ku koma ga ido da baki. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ita ma tana da iyaka. Yatsa mai sanyi, jan farce da baƙin lalle suna iya rikita ta, kuma an tabbatar tana iya nuna lamba sama da ta gaskiya a kan baƙar fata. Idan na'ura ta ce 96 amma mutum yana haki, yana gumi, ya kasa ƙarasa jimla, ku gaskata mutumin.

Inda na fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne ɗakin haihuwa, domin a nan ne jinkirin rabin awa ke zama ta'aziyya. Ana cewa mace ta zubar da jini fiye da kima idan ya kai mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa. Matsalar ita ce ido ba ya iya kimanta jini. Wani ya jiƙa zani, wani ya shige ƙarƙashin katifa, wani ya dunƙule cikin mahaifa bai fito ba. An yi wani babban bincike mai suna E-MOTIVE a asibitoci kusan 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Cikin jagororinsa har da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano. A asibitocin da aka ci gaba da aiki yadda aka saba, kusan rabin matan da suka zubar da jini fiye da kima ba a gane su ba. Inda aka shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni tana tara jinin, an gane sama da kashi 90 cikin 100. Da aka haɗa wannan ganewar da ba da magunguna da sauran matakai a lokaci guda, mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ku lura, ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Awo aka gyara, aka daina jinkiri.

Ko babu wannan leda a inda aka tura ku, kuna da hannu da agogo. Cikin awa 2 na farko bayan haihuwa, duk minti 15 ku ɗora hannu a marar mai jego. Mahaifar da ta tsuke za ku ji ta da tauri kamar dunƙulen hannu. Wadda ta saki za ku ji ta da laushi, ta hau sama, kuma wannan ne babban musabbabin zubar jini. Ku murza ta, ku tabbatar mafitsara ba a cike take ba, ku kira na gaba da ku tun kuna murzawar. Kada awon jini ya ruɗe ku. Mace matashiya mai ƙarfi tana iya zubar da lita guda, har fiye, awon jininta bai motsa ba, domin jijiyoyinta suna tsukewa zuciyarta tana ƙara gudu don ta cike giɓin. Bugun ne ke tona asiri. Duk lokacin da kuka ga lambar bugu ta kamo lambar sama ta awon jini ko ta wuce ta, misali bugu 110 awon jini 100 bisa 70, to matar nan tana cikin haɗari ko tana murmushi. Wanda ya jira awon jini ya faɗi kafin ya tashi tsaye ya makara. Kuma ku riƙa tambaya ina ake ajiye allurar oksitosin. Magani ne mai son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yi makonni a aljihun tebur cikin zafin bazara ƙarfinsa yana raguwa, a yi allurar a zauna ana jiran aikin da ba zai zo ba.

Haka abin yake ga mai jijjiga da aka ɗora a kan allurar magniziyam salfet. Kafin kowace allura ta gaba akwai abin da dole a duba: numfashi bai yi ƙasa da 16 ba, gwiwa tana zabura idan an buga ta, fitsari yana kai mililita 30 a awa. Ƙoda ce ke fitar da maganin, don haka idan fitsari ya ragu sai ya taru a jini, ya fara kashe zaburar gwiwa, daga nan ya danne numfashi. Makarinsa kalsiyam gulukonet ne, kuma ku san inda yake kafin a buƙace shi. Ku dubi wannan da kyau: idan 20 ɗin ƙarya ce ke kan takarda, da ita za a ba matar nan allurar da za ta tsayar mata da numfashi.

Mutanenmu kuma ba sa sauƙaƙa muku aikin, ba don mugunta ba, sai don tarbiyya. Ku tambayi dattijo, "Baba, ya jiki?" zai ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi," ko da bai runtsa ba daren jiya. Mai haihuwar fari za ta cije leɓe ta yi shiru saboda kunya, musamman idan surukarta na kusa. Gaisuwa ce wannan, ku karɓe ta da ladabi, sannan ku shiga tambayar da ke da amsa. "Baba, yau sau nawa ka yi fitsari? Kokon da aka kawo, ka shanye ko ka rage? Nuna mini wurin da yatsa ɗaya." Ku ja mai jinya gefe, domin ita ta kwana a tabarma kusa da gadon, ta ga abin da ba ku gani ba. Idan uwa ta ce, "Sista, yaron nan ba haka yake ba," ku ajiye abin da ke hannunku ku je. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tambayi abin da aka sha kafin a zo, na kemis ne ko jiƙo ko sassaƙe, da murya irin ta mai neman sani. Ranar da kuka yi wa mutum tsawa a kan maganin gargajiya, daga ranar ya daina gaya muku gaskiya, ba daina sha ya yi ba.

Yaron da aka kawo a sume ko yana fizge-fizge da zazzaɓi, ku auna sukarinsa tun kafin a gama rubuta kati. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da tamowa duk suna zubar da sukarin jini, kuma gyaransa na 'yan mintoci ne idan an gane. Ku ɗora shi a sikeli, kada ku kimanta nauyinsa da ido, domin maganin yara da kilo ake lissafa shi. Allurar atesunet miligiram 3 ce a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Yaro mai kilo 12 ke nan miligiram 36 zai samu. Idan an haɗa kwalbar miligiram 60 ta zama mililita 6, to mililita 3.6 za ku zuƙa. Ku yi lissafin a takarda, ku ba wani ya sake yi. Ɗigon lamba ɗaya da ya kauce daga wurinsa yana mayar da magani ninki goma. Ƙarin ruwa ma lissafi ne: leda mai mililita 500 da aka ce ta shiga cikin awa 4, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a mililita, ɗigo 42 ke nan a minti, kuma sai an tsaya an ƙirga. Ruwan da aka sake ya kwarara a jikin yaro mai tamowa ko tsoho mai ciwon zuciya huhu yake cikawa.

To bayan kun auna kun gani, saura faɗa, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke maƙalewa. An tarbiyyantar da mu kada mu ɗaga murya gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai ladabi bai hana bayani ba. "Likita, jikin matar nan ba daɗi" magana ce da ba ta tayar da kowa daga barci. Ku ce, "Likita, gado na huɗu, wadda ta haihu bayan magariba. Bugunta ya tashi daga 88 zuwa 118 cikin awa guda, mahaifa tana saki, ta jiƙa zani biyu. Ina roƙo ka zo yanzu." Ku rubuta lokacin da kuka kira da wanda kuka kira. Idan ba a zo ba ku sake kira, ko ku nemi babbar sista. Wata rana za ku tayar da mutum a banza ya yi muku faɗa. Ku haɗiye. Faɗan nan zai wuce kafin gari ya waye.

Ba na mance halin da ake aiki a ciki. Akwai daren da nas ɗaya da ɗalibi ɗaya ke riƙe da ɗaki cike da gadaje, wuta ta ɗauke, ma'aunin zafi ɗaya ne, ƙwararru da yawa sun tafi ƙasashen waje neman abin da ya fi. Wannan laifin masu iko ne, kuma ya kamata a ci gaba da faɗa musu. Amma ko a irin wannan dare akwai zaɓi. Ku fara da waɗanda suka fi jin jiki: wanda ya fito daga tiyata, mai jego, wanda ake yi wa ƙarin jini musamman a minti 15 na farko, da duk wanda awonsa na baya ya kauce. Wanda ba ku samu damar aunawa ba, ku bar gurbinsa a buɗe, ku faɗa wa mai karɓar aiki da safe. Gurbin da aka bari yana sa na gaba ya je ya duba. Lambar ƙarya kuwa kwantar masa da hankali take yi ya wuce. Wannan takarda amana ce, kuma wanda aka ci amanarsa a cikinta ba ya ma iya karanta ta, balle ya yi ƙara.

Takardar nan ku ma tana kare ku. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ya ƙi sauka kwana da kwanaki, an ba da maganin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta bai ji ba, layin zafin jiki ne ke nuna shi, kuma shi ke sa a fara tunanin zazzaɓin Lassa a killace mutum da wuri. Ku san tarihin cutar nan, domin da ma'aikatan jinya ta fara bayyana ga duniya. A 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu. A 2014 da cutar Ebola ta shigo Legas, cikin mutum 8 da suka rasu a Najeriya har da Dakta Stella Adadevoh da nas Justina Ejelonu. Kusancin da ke ba ku damar ganin abin da wasu ba su gani shi ne kuma ke kai ku bakin haɗari. Ku wanke hannu kafin taɓa mara lafiya da bayan taɓa shi, daƙiƙa 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu, ko 20 zuwa 30 da man tsaftace hannu mai sinadari. Safar hannu ɗaya ba ta zagaya gado biyu. Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, akwatinta ake jefa ta nan take. Idan ta soke ku, ku wanke wurin da ruwa da sabulu ku kai rahoto a lokacin, kada kunya ko tsoron faɗa su sa ku ɓoye, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa.

Ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin kama mutum ta hanyar sukar allura, yana da yawa a ƙasarmu, kuma yana da rigakafi: allura uku cikin wata shida. Duk wanda bai yi ba a cikinku, ya je a gwada jininsa ya karɓi ta farko a wannan makon, kafin a sake tura shi ɗakin marasa lafiya.